Asibiti, kilinik ko gida: ina za a kwantar da tsohon da jinyarsa za ta yi tsawo?

Ranar da likita ya ce "za ku iya tafiya da shi gida", ranar ce shawara mai wuya take farawa. Hawan jinin ya sauka, numfashi ya daidaita, amma Baba ba ya iya juyawa da kansa, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, ga robar fitsari, abinci sai an ba shi a baki kuma yana ƙwarewa. Ko kuwa Inna ce ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ko ciwon suga ya buɗe mata miki a ƙafa wanda sai an wanke kullum. Irin wannan jinya ta watanni ce, wani lokaci ta shekaru. 'Ya'yan da ke nan Garwa suna tsaye a barandar asibiti, na Yawunde da Duwala suna kan waya, kowa da tasa shawarar.

A Amurka da Faransa akwai gidajen da aka gina domin wannan matakin kaɗai, inda ma'aikatan jinya suke nan dare da rana. Gwamnatin Amurka ma tun 2008 take ba irin waɗannan gidaje maki na taurari, daga ɗaya zuwa biyar, bisa abu uku: abin da masu bincike suka tarar, yawan ma'aikata, da halin da majinyatan suke ciki. Mu a arewacin Kamaru ba haka abin yake ba. Gidajen tsofaffi 'yan ƙalilan ne a ƙasar, galibi na 'yan mishan da ƙungiyoyin agaji, kuma waɗanda ba su da kowa ake kaiwa. Ko da ma akwai su birjik, wa zai yarda a ce a unguwa ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu? Zaɓin da ke gabanmu uku ne: a roƙa a bar shi a babban asibitin gwamnati, ko a kama masa gado a kilinik mai zaman kansa ko asibitin mishan, ko a mai da ɗakinsa na gida ɗakin jinya, a ɗauko ma'aikacin jinya yana zuwa. Taurari kuwa babu mai ba mu, sai dai idonmu.

Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu. Idan tsoho ya wuce matakin haɗari, gida ya fi masa, amma da sharuɗɗa masu nauyi waɗanda gidaje da yawa ba sa cikawa. Idan ba za a cika su ba, gado a kilinik na kirki ya fi gidan da ake ƙaunarsa amma ba a san yadda ake juya shi ba. Kuma ko ina aka zaɓa, tayil da fenti da talabijin a bango ba su ne abin dubawa ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin dubawa shi ne hannun da zai taɓa shi da ƙarfe uku na dare, da abin da hannun ya iya.

Inda ake fara gane wannan hannu shi ne bayan mara lafiya. Mutumin da ba ya motsi, nauyin jikinsa yana matse fata tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina kaiwa wurin, cikin 'yan sa'o'i naman ya fara mutuwa daga ciki. Wuraren da gyambon kwanciya ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya, diddige, gefen ƙugu, allon kafaɗa da ƙeya. Littattafan Turawa suna cewa a nemi jan da ba ya gushewa idan an danna, amma a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ka gani wuri ne da ya fi kewayensa duhu, yana ɗan sheƙi, ka taɓa ka ji ɗumi, ko tauri, ko wani laushi daban. Wannan ne mataki na farko cikin huɗu. Na huɗu rami ne da ake hango ƙashi a ciki, kuma daga nan ƙwayar cuta take shiga jini. Tsofaffi da yawa da suka tsira daga shanyewar jiki, bayansu ne ya ƙarasa su.

Rigakafin ba ya buƙatar na'ura, mutane yake ci. A juya shi duk awa biyu, dare da rana. A kwantar da shi a ɗan karkace, filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya rataya bai taɓa katifa ba. Zanin gado a bushe, a miƙe, babu ɓarɓashin abinci. Ba a jan mutum a kan zani, ɗaga shi ake yi, mutum biyu. Wurin da ya yi duhu ba a murza shi, duk da haka ne hannu yake so ya yi. Da hunturu, lokacin da fata take tsagewa, man kaɗe a fatar da ba ta fashe ba yana da amfani.

To, wa ke yin wannan aiki a kowane wuri cikin ukun?

A asibitin gwamnati, kowa ya sani, dangi ne. Ma'aikacin jinya zai yi allura, ya ɗaura ƙarin ruwa, ya wanke miki, ya auna jini. Juyi da wanka da ba da abinci da kwashe bayan gida kuwa na mai jinya ne, wadda ke kwana a tabarma gefen gado, ta dafa abinci a tsakar asibiti. Saboda haka wanda ya bar mahaifinsa a can yana zaton ya sayi kulawa, ba ita ya saya ba. Abin da ya saya shi ne kusanci da likita, da ɗakin gwaji, da iskar oksijin, da jini, da ɗakin tiyata. Waɗannan manyan abubuwa ne ga mai buƙatarsu. Wanda numfashinsa bai zauna ba, ko mikinsa ya kai matakin da sai an yanke mataccen nama, ko yana farfaɗiya bayan shanyewar, babu inda ya fi masa nan. Amma wanda ba ya buƙatarsu, kowane ƙarin mako a babban ɗaki yana da farashinsa: tarin maƙwabcin gado, ƙwayoyin cutar asibiti da ba sa jin magani, fitila da hayaniya duk dare, har tsoho ya rikice ya kasa bambance dare da rana.

Kilinik mai zaman kansa shi ne ya fi wuyar aunawa, don a nan ne tazara tsakanin na kirki da na banza ta fi faɗi, kuma daga bakin ƙofa kamarsu ɗaya. Kada ka je da hantsi kawai, lokacin da aka goge ƙasa kuma likita yana nan. Koma bayan isha'i. Ƙirga masu farin kaya, ƙirga gadajen da ke da mutane. Wani bincike da aka buga a 2002 kan asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka ya nuna cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan ma'aikacin jinya yana ƙara haɗarin mutuwa cikin kwana 30 da kusan kashi 7 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa tiyata. Can ke nan, inda kayan aiki suke a wadace. Sannan ka tambayi matsayin mai kwanan. A Kamaru anfirmiye, wato cikakken ma'aikacin jinya mai difloma ta gwamnati, wanda ake kira IDE, shekara uku yake karatu, mataimakin jinya kuwa kamar shekara ɗaya. Dukansu suna da amfani, mataimaki nagari ma shi ne ƙashin bayan juyi da wanka, amma idan da dare mataimaki ne shi kaɗai, ko ɗalibi mai neman sanin aiki, kuma likita sai an kira shi daga wata unguwa, to ka san abin da kake biya.

Nemi majon ɗakin, wato shugaban ma'aikatan jinyar wurin, ka gaishe shi da mutunci, ka yi masa tambaya ɗaya: "Majo, barka da aiki. Idan muka kawo Baba, wa zai riƙa juya shi da dare, kuma a ina ake rubutawa?" Na kirki zai jawo takarda daga ƙarshen wani gado ya nuna maka: ƙarfe goma dama, sha biyu rigingine, biyu hagu, kowane da sa hannu. Ko ya gaya maka gaskiya, "Alhaji, mu biyu ne da dare, sai dai mu koya wa ɗanku." Wannan amsar ma karɓaɓɓiya ce, don aƙalla ka san inda ka tsaya. Wanda ya ce "kada ka damu, muna yin komai" bai nuna maka komai ba. Kafin ka fita, bar hancinka ya yi aiki. Zarnin fitsarin da ya kwana daban yake da na yanzu. Dubi jakar fitsarin wani majinyaci: a rataye take ƙasa da mararsa, ko tana kwance a ƙasa, ko an aza masa ita a kan cikinsa? Dubi ko ma'aikaci yana wanke hannu tsakanin gado da gado, ko safar hannu ɗaya ce yake yawo da ita tun safe. Idan ka ga tsoho an ɗaure masa hannu a jikin gado da bandeji, ko duk tsofaffin ɗakin suna barci da rana tsaka kamar an haɗa baki, tambayi wane magani ake ba su. Maganin barci yana sauƙaƙa wa ma'aikaci dare, amma yana jawo wa tsoho ƙwarewa da faɗuwa da ruɗewa.

Asibitocin mishan suna tsakiya. Mutanenmu sun daɗe suna zuwa asibitin Furotesta na Ngaundere, wanda 'yan mishan na Norway suka kafa, da na Meskin kusa da Marwa, da na Tokombere. Su ma asibitoci ne na magani, ba gidajen dogon zama ba, kuma a can ma da mai jinyarka kake zuwa. Ga mutumin Garwa kuma akwai nisa, wato raba gida biyu na tsawon watanni. Tambayoyin da za ka yi wa kilinik su za ka yi musu.

Sai gida. Abin da gida yake da shi babu asibitin da ke sayarwa: tsoho yana jin kiran sallar masallacin da ya saba, jikoki suna shiga suna fita, an juya masa gado ya fuskanci alƙibla, ɗansa yana kama masa hannu ya yi taimama. Dattijon da zai gwammace ya riƙe bayan gida kwana uku da a ce baƙuwar mace ta gyara shi, a gida ɗansa ne ko ƙanensa zai yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don wanda ya ji an tozarta shi abinci ma yakan daina ci. Amma gida ne kuma inda ake yin kurakurai mafi muni da zuciya ɗaya.

Babban cikinsu ba da abinci. Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna da matsalar haɗiya a kwanakin farko. Ka shiga ɗaki ka tarar da tsoho kwance rigingine, 'yarsa ta ɗan tallafo ƙeyarsa tana ɗura masa ruwa da ludayi, yana tari idonsa na hawaye, tana cewa "sannu Baba, saura kaɗan." Wannan ruwan wani sashensa huhu yake tafiya, bayan kwana biyu zazzaɓi, a ce maleriya ce, alhali ciwon huhu ne. Ƙa'idar ita ce a zaunar da shi sosai, haɓa ta ɗan sunkuya, cokali ƙarami, a jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama, a goge masa baki da haƙora. Abu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya, shi ya sa kunun gyaɗa mai kauri ko tuwo mai laushi da miyar kuka suka fi shayi aminci. Idan muryarsa ta koma kamar mai kurkure baki bayan ya sha, a tsaya a kira ma'aikaci. Wannan ya shafi rubutun sha da jiƙe-jiƙen da masu dubiya ke kawowa. Ban hana kowa neman tabarruki ba, amma maƙogwaron da ba ya haɗiyar ruwan randa ba zai haɗiyi na allo ba. A shafa masa. Kuma fata ba ta warkewa da kunu zalla: sai da ƙwai, wake, nono, kifin Binuwai da aka cire wa ƙaya.

Na biyu robar fitsari. Kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin kamuwa yana ƙaruwa, don haka tambayar da za a riƙa yi wa likita ita ce yaushe za a cire, ba yaushe za a canza ba. Sa ta da canza ta aikin anfirmiye ne mai difloma, da kaya tsarkakakku. A nan ne ɗaukar ma'aikaci yake buƙatar ido. Nemi ganin takardarsa, babu rashin kunya a ciki. Da yawa daga masu zuwa gida suna da aikinsu na asibiti, sai sun tashi suke biyowa a gajiye, don haka a yi magana a fili: wace rana, wane lokaci, wa zai zo idan shi yana kwanan aiki. A ajiye littafi a kan gado, ban da ɗan littafin nan na asibiti da likita yake rubutu a ciki, a riƙa rubuta awon jini, suga, zafin jiki, abin da ya ci, ranar da ya yi bayan gida, da kamannin fatar baya. Ma'aikacin da ke zuwa ya ɗaura ƙarin ruwa da allurar bitamin kullum amma bai taɓa yaye zani ya duba diddige ba, kuɗinku yake ci. Nagari shi ne wanda yake koya wa mutanen gida har su iya ba da shi ba.

Akwai kuma yanayin garinmu. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa yana haura digiri 40, kuma lokacin ne ruwan madatsar Lagdo yake ja baya, wuta ta riƙa ɗaukewa. Katifar nan mai hura iska da 'yan'uwa ke aikowa daga Duwala da lantarki take aiki. Wuta ta ɗauke ta sace, tsoho ya koma kan abu mai tauri ba wanda ya lura. Ko tana aiki ma ba ta ɗauke juyi. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, sai an bi shi da sha. Mai allurar insulin kuma, kwalbar da aka buɗe tana ɗaukar kamar mako huɗu ne idan zafi bai wuce digiri 30 ba, don haka wanda ba shi da firij mai tsayayyar wuta ya sa ta a ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. A kilinik ma ka tambaya ko injin wutarsu yana kai wa ɗakunan kwana, ko ofis da ɗakin tiyata kawai.

Motsa jiki shi ne abin da wuraren uku suka fi sakaci da shi. Mafi yawan ƙarfin da zai dawo bayan shanyewa cikin wata uku na farko yake dawowa, ya ci gaba a hankali zuwa wata shida. Wanda aka bari a kwance a wannan lokaci, gaɓoɓinsa suna sandarewa a lanƙwashe. Mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, wanda ake ce wa kine, ya fi sauƙin samu a manyan asibitocin birni da cibiyoyi irin ta Betelehem da ke Muda kusa da Marwa. Idan gida aka zaɓa, a sa kuɗinsa a lissafi tun farko, ya zo ya nuna, mutanen gida su maimaita safe da yamma. Kuma a hana kowa jan hannun da ya shanye wajen tayar da shi, don kafaɗar tana gocewa.

Maganar kuɗi gajeriya ce. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya sauƙaƙa wasu abubuwa, wankin ƙoda ya koma sefa 15,000 a shekara, amma doguwar jinyar tsoho ba ta ciki. Gado, kunzugun manya, safar hannu, bandeji, kine, duk daga aljihu ne. Kilinik ya fi tsada a fili. Gida yana kama da mai araha ne kawai don ba a lissafa matar da ta bar sana'arta, wadda sau da yawa matar ɗa ce ko 'yar da aurenta ya mutu. Mutum ɗaya ba zai iya tashi duk awa biyu na tsawon wata uku ba. A mako na uku zai fara barci ya wuce, a na huɗu gyambo ya fito, sannan a ce ita ce ba ta kula. Idan gidan ba zai fitar da mutum uku masu karɓa-karɓa ba, ko biyu da wani da ake biya ya kwana, to sharaɗin gida bai cika ba. Masu turo kuɗi ta waya daga nesa, mafi amfanin abin da za su biya shi ne albashin mai kwanan dare.

Saboda haka ga yadda zan yanke. Mai buƙatar oksijin, ko mai zurfin miki, ko wanda sugarsa ke hawa da sauka ba ƙa'ida, ya zauna a babban asibiti har abin ya lafa. Wanda ya daidaita amma ana ba shi abinci ta robar hanci, ko gidansu babu hannaye, a nema masa kilinik ɗin da aka je aka gani da dare, na 'yan makonni, da niyyar mutanen gida su koyi aikin a can. Sauran, su ne mafi yawa, a kai su gida, amma kafin a fito a sa majo ya nuna wa masu jinya juyi da ba da abinci da hannunsu, a karɓi lambar wanda za a kira, a san motar da za a samu da tsakar dare, don wannan ba mai hawa mashin ba ne. A kuma rubuta a bangon littafin abubuwan da ba a jira gari ya waye a kansu: zazzaɓi, numfashi da sauri, ruɗewa ko yawan barci farat ɗaya, fitsari ya tsaya ko ya yi kauri da wari, ƙafa ɗaya ta kumbura, baki ya sake karkacewa, ko fatar baya ta fashe.